Rangajin Tauraro

An ɗauke wuta a Kakuri,
sai sama ta dawo mana da kayanta.
Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida,
jikata Kyauta ta zauna, littafi a cinya,
ta miƙa yatsa saman bututun masaƙa,
wanda hayaƙinsa ya mutu tun ba a haife ta ba.

Ta ce, "Tsoho, ka ga ɗan ɗigon can?"
Na ce idona ya daɗe da yin ritaya.
Ta ce, "To, rana ce.
Irin tamu ce, mai busar da shanya,
mai nunar da dawa, mai sa ɗan dako gumi,
nisa ne ya mai da ita ƙwayar gero."

Na yi dariya har da tari.
Rana da tsakar dare?
Boko ya ba yaran nan lasin zuƙi-ta-malle.

Ta ce, "Saura ma.
Akwai wata duniya da ke zagaya ta,
ƙatuwa, curin iska,
babu ƙasar da za ka dasa ƙafa.
Da za a riƙa zuba tamu a cikinta
sai an ƙirga ɗaruruwa ba ta ce ta ƙoshi ba."

Na ce, wa ya je ya gano?
Ta ce babu,
ko a madubin hange ba ta nuna fuska ba.
Na ce, to shaidar zur ke nan.
Ta ce, "Rangaji ne shaida.
Tauraron ba ya tsayawa cak.
Ya ɗan karkata nan, ya ɗan karkata can,
kamar mai bokiti a hannu ɗaya.
Masu awo suka zuba ido shekara da shekaru,
suka ce abin da ke jan wannan
ba ƙaramin abu ba ne."

Nan dariyata ta ƙare.

Shekara ashirin da shida na yi gaban inji.
Zare ɗaya ya tsinke cikin dubu,
kunnena ke sani kafin idona,
don kukan ƙarfe yakan sauya.
Ashe sana'armu ɗaya da masu awon sama,
su dai ba a rufe musu kamfani ba.

Ban faɗa wa yarinyar sauran ba.
Damina goma sha ɗaya ke nan
da muka kai Kande makwanci,
har yau a gefen katifa nake kwana,
na bar wa bango filin da ba nasa ba.
In na sayi goro sai in ɓare shi biyu,
rabin ya bushe a aljihu.
In zan tsallaka gadar Kaduna
kafaɗar hagu ke riga ni sunkuyawa,
ta nan take tafiya, don tana tsoron ruwa.

Likita ya ce gwiwa ce, ya rubuta ƙwaya.
Abokan hira suka ce tsufa.
Ba wanda ya zauna ya auna.

Na ce, Kyauta, ko can ma akwai wani tsoho
da ke kallon ranarmu kamar ƙwayar gero?
Ta ce, "Ina zai shimfiɗa tabarma a kan iska?"
Na ce, Allah da ya rataye ta ba igiya
ba zai rasa masa wurin zama ba.

Sai ihun yara daga layin baya:
an kawo wuta.
Ƙwan ƙofar maƙwabci ya haɗiye sama,
rediyon wani ya ci gaba daga inda ya tsaya.
Ta naɗe tabarma, ta kama hannuna,
muka taka zuwa zaure.

Ta ce, "Tsoho, kana karkata fa."
Na ce, auna ki gani.